Vikings, The Last Kingdom ko Valhalla: Wanne Zan Zuba Wa Datata?

Duk inda masu kallon finafinan yaƙi suka haɗu, da zarar wani ya ambaci Ragnar sai ka ji wani ya taso da Uhtred, daga nan musu ya kaure. Wannan ya ce ba a taɓa yin jarumi kamar nasa ba, wancan ya ce ai naku fim ɗin tun a tsakiya ya mutu. Shi kuwa wanda bai kalli ko ɗaya ba sai ya tashi a ruɗe, don ba ƙaramin lokaci za a ci masa ba. Shi na rubuta wa wannan.

Finafinai uku masu dogon zango ne a gabanmu, duka a kan maharan nan na Arewacin Turai, mutanen Norwe da Denmak da Suwidin, waɗanda suka addabi Ingila da Faransa da jiragen ruwansu tun daga ƙarshen ƙarni na 8 har tsakiyar na 11. Akwai Vikings, akwai The Last Kingdom, sai Vikings: Valhalla. Dole in fasa ƙwai ɗaya ko biyu a hanya, don ba za a fahimci ƙorafin masu kallo ba sai da su.

Abin da zan auna da shi

Na farko kuɗi, kuma kuɗin kallo a wurinmu data ne da caji da sa'o'in da za ka hana idonka barci. Netflix da kansa ya ce a waya, in ka bar shi a saitinsa na yau da kullum, gig ɗaya na kai ka kimanin sa'a huɗu, in ka zaɓi tsimin data ya kai shida, a babban allo mai hoto garau kuwa sa'a ɗaya tana iya lashe gig uku. Da lissafin sa'a huɗun zan yi aiki.

Na biyu ƙarko: daɗin fim ɗin yana raka ka har ƙarshe, ko kuwa irin atamfar nan ce da ke zuba a wanki na uku? Na uku sauƙin bin labari. Na huɗu abin da za ka iya cin karo da shi na tsiraici da jini da taɓa addini, wato da wa za ka iya zama ka kalla. Na biyar gaskiyar tarihi, ga wanda abin ya dama.

| Ma'auni | Vikings | The Last Kingdom | Valhalla |
|---|---|---|---|
| Shekarun fitowa | 2013 zuwa 2020 | 2015 zuwa 2022, fim ɗin rufewa 2023 | 2022 zuwa 2024 |
| Zango | 6 | 5 | 3 |
| Kashi | 89 | 46 da fim ɗaya | 24 |
| Sa'o'i, a ƙiyasce | 67 | 44 | 20 |
| Data a waya, a ƙiyasce | gig 17 | gig 11 | gig 5 |
| Ƙarko | ƙarfi a farko, sanyi daga baya | daidai har ƙarshe | ya tsaya bai kai gaci ba |
| Sauƙin bi | farko sauƙi, ƙarshe a warwatse | layi ɗaya, sunaye masu rikitarwa | sauƙi |
| Kallo da iyali | a'a | a'a | a'a |

Vikings

Shi ne babban yaya. Tashar History ta fara nuna shi ranar 3 ga Maris 2013, Michael Hirst ne ya rubuta kowane kashi da hannunsa, aka ɗauki mafi yawansa a yankin Wicklow na ƙasar Ailan. Labarin wani manomi ne, Ragnar Lothbrok, da ya ƙi yarda da maganar sarkinsa cewa babu komai a yamma, ya sa abokinsa Floki ya sassaƙa masa jirgi a ɓoye, ya je ya faɗa wa gidan ibadar Lindisfarne a gaɓar Ingila. Wannan hari ya faru da gaske a shekarar 793, kuma daga shi ne masana suka saba fara ƙirga zamanin waɗannan mutane.

Ta fuskar kuɗi shi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Zango uku na farko kashi 29 ne gaba ɗaya, amma daga na huɗu aka koma kashi ashirin ashirin. Samunsa kuma ya danganta da ƙasar da kake, don haƙƙin nuna shi ya sha yawo tsakanin Netflix da Prime Video, saɓanin sauran biyun da suke gida ɗaya, wato Netflix.

Abin da ya sa mutane suka haukace a kansa Travis Fimmel ne, ɗan Ostireliya da ya fito a Ragnar. Mutumin yana wasa da ido da murmushin mugunta fiye da baki, ba ka taɓa sanin abin da ke ransa sai ya aikata. Ga Lagertha, matarsa ta farko, wadda ta ƙi zaman kishi ta kama gabanta har ta zama mai sarauta da kanta. Mata masu kallo sun riƙe ta gam. Ga kuma abotar Ragnar da Athelstan, malamin cocin da ya kamo bawa, wanda ya rasa inda zai sa zuciyarsa tsakanin addininsa da na iyayen gidansa. A ganina nan ne zuciyar fim ɗin take. Zaman hirar Ragnar da Sarki Ecbert na Wessex, masarautar kudancin Ingila, maƙiya biyu da suka fi fahimtar juna a kan 'yan'uwansu, ya fi yaƙe-yaƙen da yawa daɗi. Harin birnin Paris a zango na uku kuwa har yau ana ambatonsa.

Sai ƙwan da na ce zan fasa. A kashi na 15 na zango na huɗu Sarki Aella ya jefa Ragnar ramin macizai, kamar yadda tsofaffin labaran mutanen Arewa suka faɗa. Nan masu kallo suka rabu gida biyu, kuma har gobe ba su shirya ba. Wasu suka ce daga ranar fim ɗin ya zama gangar jiki ba rai, suka ƙarasa ganin ramuwar 'ya'yansa a ƙarshen zangon suka ajiye. Wasu suka ce Ivar, gurgun ɗansa mai zafin kai da basirar yaƙi, ya cike gurbin. Ni ina tsakiya amma na fi karkata ga na farko. Ivar ya fara da kyau, daga baya ihu ya yi masa yawa. Labari kuma ya tsage: wasu na Ingila, wasu na rikicin gadon sarauta a gida, Floki na can Aisilan da mutanen da ba ka damu da su ba, daga baya a kwashe ka a kai ka ƙasar Rus. Kashi arba'in na ƙarshe, kusan rabin datarka ke nan, su ne ake ta jayayya a kansu.

Wajen abin kunya, a san cewa fim ɗin iri biyu ne. Akwai wanda tashar History ta nuna a Amurka, an yanke tsiraici da wasu wuraren, akwai kuma cikakke da ba a taɓa ba. In wurin masu tura fim a waya za ka karɓa, ka tambayi wanne ne, ko da yake ko yankakken ba na zaman falo da yara ba ne. Jini kam ba a magana. Akwai yanka mutane don gumaka a Uppsala a zango na farko, akwai azabar nan da suke kira gaggafar jini a na biyu, inda ake tsaga bayan mutum yana raye. Mai raunin zuciya ya kau da kai.

Akwai abin da ya shafi mai kallo Musulmi kai tsaye. A zango na huɗu Bjorn ɗan Ragnar ya kai hari garin Aljasiras na Andalus, har Floki ya shiga masallaci ya tsaya yana mamakin masu ibadar da babu gunki a gabansu. Harin yana da tushe: wajajen 859 jiragensu sun shiga tekun Bahar Rum, sun ƙona masallacin garin, sun taɓa gaɓar Maroko. Kafin nan ma a 844 sun faɗa wa Ishbiliya zamanin Abdurrahman na Biyu, aka fatattake su, marubutan Andalus suna kiransu Majusu. Amma tafiyar Bjorn ta sahara a zango na biyar, da sarkin Ƙairawan Ziyadatullah da wani labarin cin naman mutum, ƙagen marubuci ne tsagwaronsa, irin hoton Larabawan da Turawa suka saba zanawa. Euphemius, kwamandan Rumawan da aka ce an dafa a fim ɗin, tarihi ya nuna a tsibirin Sisili aka kashe shi a 828. In ka tsallake wannan ɓangaren ba ka yi asarar komai ba.

Gaskiyar tarihinsa gaba ɗaya sai a hankali. Shi kansa Ragnar masana ba su tabbatar mutum ɗaya ne da ya rayu ba. An mai da Rollo ɗan'uwansa, alhali Rollo na gaske a 911 Sarkin Faransa ya ba shi ƙasar da ta zama Normandi, shekara 118 bayan Lindisfarne. Kattegat da aka mai da garin Ragnar, sunan mashigin teku ne tsakanin Denmak da Suwidin. Abin da na yaba musu, ba su ɗora wa kowa hular ƙarfe mai ƙaho ba, don ba a taɓa tono irinta daga zamanin ba. Kuma wurin da ake zagayawa da kwano ɗaya kowa ya wanke fuska ya fyace majina a ciki, daga rubutun Ahmad Ibn Fadlan aka ɗauko, manzon Halifan Bagadaza da ya gamu da mutanen Rus a bakin kogin Volga a 922. Malamin ya yi ƙyamar ƙazantarsu ƙwarai, ya kuma yaba tsayinsu da ya kamanta da bishiyar dabino.

The Last Kingdom

Wannan daga ɗaya gefen katangar yake kallon abin, wato daga wurin waɗanda ake kai wa hari. BBC ce ta fara shi a Oktoba 2015, Netflix ta karɓe shi gaba ɗaya daga zango na uku, aka ɗauki yawancinsa a Hungari. An gina shi a kan littattafai 13 na Bernard Cornwell, kuma ina ganin wannan ne sirrin ƙarkonsa: an san inda za a tun kafin a ɗaura sirdi.

Labarin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Yaro ne, Uhtred, ɗan mai sarautar Bebbanburg, aka kashe ubansa a yaƙi a 866, baffansa ya haye kujerar ya cinye gadon maraya. Maharan Denmak da suka kama yaron suka riƙe shi kamar ɗan cikinsu, ya tashi da addininsu da ɗabi'arsu. Da ya girma sai ƙaddara ta kai shi hidimar Sarki Alfred na Wessex, mai tsananin riƙo da Kiristanci, wanda yake buƙatar takobinsa amma bai taɓa amincewa da shi ba. Ga mutanen Ingila arne ne, ga 'yan Denmak maci amana. Zango biyar ɗin duka a kan tambaya ɗaya suke tafiya: zai koma gidan ubansa ko kuwa rantsuwar da yake ta yi wa sarakuna za ta cinye masa rayuwa?

Abin da masu kallo suka fi yabo shi ne zaman doya da manjan da ke tsakanin Uhtred da Alfred. David Dawson ya fito da sarkin a matsayin siririn mutum mai ciwon ciki, marar ƙarfin jiki, wanda da sanyin murya yake ɗaure gwarzo ya kasa motsi. Za ka ji haushinsa, ka kuma rasa yadda za ka ƙi shi. Zango na uku, inda wannan dangantaka ta kai ƙarshenta, shi ne akasari ake kira ƙololuwar fim ɗin. Bambancinsa da Vikings shi ne bayan babban rashi bai durƙushe ba. Aethelflaed 'yar Alfred, wadda ta mulki Mercia, masarautar tsakiyar Ingila, da gaske har rasuwarta a 918, ta ɗauki kaya, ga abokan tafiyar Uhtred irin su Finan da Sihtric da suke sa ka dariya a tsakiyar masifa.

Yana da nasa aibin. Zango na farko ba shi da kuɗin Vikings, ana gani a yawan mayaƙa, kuma Uhtred na lokacin saurayi ne mai girman kai da taurin kunne, har wasu suka ajiye fim ɗin saboda shi. Ka yi haƙuri da shi zuwa zango na biyu. Brida, abokiyar ƙuruciyarsa, ta gajiyar da mutane da yawa a ƙarshe da ƙiyayyar da ba ta ƙarewa. Sai abin dariyar da kowa ke yi: yaron da aka kama a 866 shi ne har yaƙin Brunanburh na 937 yana wulwula takobi da ƙuruciyarsa, alhali ya kamata a ce ya doshi tamanin. Fim ɗin rufewar ma, Seven Kings Must Die, na ƙasa da sa'a biyu, an cusa masa labarin da ya isa zango guda, sai ya zama kamar ana gudu.

Sauƙin bi fa? Layi ɗaya ne, mutum ɗaya kake bi, kuma kowane kashi yana buɗewa da muryarsa yana tuna maka inda aka kwana. Matsalar sunaye ce. Aethelred, Aethelwold, Aethelhelm, Aethelflaed, Aethelstan, ga Aelswith ga Aelfric. Kalmar Aethel ɗin da ke farkonsu tana nufin mai asali, shi ya sa gidan sarauta suka cika ta, kamar dai gidan da kowa Muhammadu ne sai an haɗa da laƙabi. Kunna rubutun ƙasan allo, ka riƙe fuska maimakon suna. A kuma kula, ɗan Denmak ɗin da ya riƙi Uhtred shi ma Ragnar ne sunansa, amma daban yake da Lothbrok.

Tsiraici bai kai na cikakken Vikings ba, ya fi yawa a farko, amma akwai shi, akwai fyaɗe, akwai bauta da azabtarwa. Malaman coci da yawa an nuna su a matsayin makwaɗaita, sai ɗaiɗaiku na kirki irin Beocca.

A tarihi shi ya fi kusa da hanya. Uhtred ƙirƙira ne, an aro sunan daga wani mai sarautar Bamburgh, wato Bebbanburg ɗin, da aka kashe a 1016, amma ƙashin bayan labarin gaskiya ne: babbar rundunar da ta sauka Ingila a 865, ɓuyan Alfred a fadamar Athelney, nasararsa a Edington a 878 da shigar Guthrum, jagoran 'yan Denmak, Kiristanci, yaƙin Tettenhall a 910. Masu bin diddigi sun yi ta ƙorafin garkuwoyi masu kusurwa huɗu da aka ba mutanen Ingila a zango na farko, alhali zagayayyu suke riƙewa kamar abokan gabarsu. Wanda ya kalli finafinan biyu zai sha mamakin Ubba: a Vikings shi ne mai hankalin 'ya'yan Ragnar, a nan kuwa ƙaton mayaƙi ne mai camfi da ba ya motsi sai bokansa ya yi duba.

Vikings: Valhalla

Ƙanin Vikings ne, an tsallaka sama da shekara ɗari gaba. Netflix ta yi odar kashi 24 tun farko, Jeb Stuart ya jagoranci rubutun, aka sake shi a Fabrairu 2022, aka rufe a Yuli 2024. Ya buɗe da kisan gillar da Sarki Aethelred ya sa aka yi wa 'yan Denmak mazauna Ingila ranar 13 ga Nuwamba 1002, sannan ya bi mutum uku: Leif Erikson, 'yar'uwarsa Freydis, da Harald Sigurdsson.

Shi ne mai araha, mako guda ya ishe ka, kuma ba sai ka kalli na farkon ba. Hotonsa ya fi na sauran kyau, tafiyarsa da sauri, karya gadar Landan a zango na farko abin kallo ne. Sabon abin da ya kawo shi ne rikicin cikin gida tsakanin waɗanda suka karɓi Kiristanci da masu riƙe da gumakan kakanni. Abin mamaki, ɓangaren da aka fi yabo ba na jaruman uku ba ne, na fadar Ingila ne: Sarki Canute, Sarauniya Emma wadda ta auri sarakuna biyu ta haifi sarakuna biyu, da Godwin mai fuska biyu. A zango na biyu akwai Mariam, masaniyar taurari daga Halab, da ta koya wa Leif lissafin sama. Ba a cika ganin irin wannan mutunci ga Musulmi a finafinan nan ba.

An yi ta cacar baki da aka ba Caroline Henderson, baƙar fata, sarautar Kattegat. Masu suka suka ce an karya tarihi, masu kare ta suka ce garin kansa ƙage ne. Ni abin da ya fi ba ni dariya, masu kukan tarihin ba su ce uffan ba a kan Harald, wanda aka haifa wajajen 1015 amma aka nuna shi da gemunsa a 1002.

Babban ƙorafin ƙarshensa ne. Abin da aka san Leif da shi shi ne taka nahiyar Amurka ta Arewa wajajen shekara ta 1000. Abin da aka san Harald da shi, bayan aikin sojan haya a Kustantiniyya, shi ne mutuwarsa a yaƙin gadar Stamford ta Ingila a 1066, wadda ake ɗauka ƙarshen zamanin baki ɗaya. Fim ɗin ya tsaya bai nuna ko ɗaya ba. An dafa tuwo an sauke, ba a kawo miya ba. Jarumansa kuma, duk kyawunsu, babu wanda za ka tuna bayan wata shida yadda ake tuna Floki.

To wanne?

In kai mai son labari ne da zai riƙe ka daga farko har ƙarshe ba tare da ka ji an ci maka data a banza ba, ɗauki The Last Kingdom. Shi zan ba wanda ya saba da finafinan Turkiyya na kafa daula, mai son alkawari da cin amanar fada da gwarzo ɗaya da yaransa, sai dai ya sani babu irin kamun kan da ya saba gani a can. Shi ne kuma na ɗalibin da yake son ya fita da ɗan abin da zai iya dubawa a littafin tarihi ya same shi.

In abin da kake nema jarumi ne da zai zauna maka a rai, da shiga cikin duniyar mutanen nan, gumakansu da bokayensu da jiragensu, Vikings ne naka. Shawarata ka saye shi rabi: zango huɗu na farko, kashi 49, wajen gig tara. In ka ga zuciyarka na tare da Ivar da Bjorn, ka ci gaba. In ba haka ba ka tsaya nan, labarin ya cika.

Mai ƙaramar data, ko mai hutun mako guda, ko wanda ya gama biyun yana jin ƙishi, Valhalla. Kada dai ka fara da shi ka yanke wa sauran hukunci.

Wanda jini da kuka suka gundure shi, akwai Norsemen, wasan barkwanci na 'yan Norwe, kashi 18 na rabin sa'a, wanda suka ɗauki kowane fage sau biyu, da harshensu da Turanci, suna yi wa kakanninsu shaƙiyanci. Bakinsa ba shi da linzami, a sani.

Mai neman abin da zai kunna a falo bayan sallar isha, iyaye na zaune yara na kai da kawo, babu nasa a cikin huɗun nan. Waɗannan na waya ne da abin sawa a kunne.